Tafiya Zuwa Kisumu Da Maganin Zazzaɓi A Jaka

Nairobi, babban birnin ƙasar Kenya, a kan tudu yake. Tsayinsa daga bakin teku ya kai wajen mita 1,700, wato ya ɗara Jos da kimanin mita 500. Sunan ma daga bakin Masai aka samo shi, ma'anarsa ruwa mai sanyi. Da dare sai da bargo, da asuba kuwa ba mai son taɓa ruwan famfo. Akwai sauro, amma zazzaɓin cizon sauro bai kafa gindi a tsakiyar birnin ba. Kisumu kuwa tana yamma, wajen kilomita 350, a bakin Tafkin Biktoriya, cikin yankin da zazzaɓi ya fi ƙarfi a dukan ƙasar. Tafiyar yini guda ce a mota. Mutum ya karya kumallo inda zazzaɓi baƙo ne, ya ci abincin dare inda shi ne mai gida.

Wannan hanya muka bi a ƙarshen watan Mayu na 2023. Mu shida ne: malaman makarantun Ikkilisiya biyar daga arewacin Nijeriya, maza huɗu da mace ɗaya, da wani Bature malaminmu. Mun riga mun yi kusan shekara biyu a Ingila muna ƙaro ilimin koyarwa, sai aka aike mu mu ga yadda makarantun yammacin Kenya suke tafiyad da aikinsu. Mako biyu za mu yi a can, sa'an nan mu koma mu ƙarasa karatu. Labarin makarantun sai wani watan. Yau labarin wani ɗan kafso ne da ya yi tafiyar tare da mu.

Kafin mu bar Ingila sai da aka tura mu wurin wata ma'aikaciyar jinya mai duba matafiya. Ta shimfiɗa mana taswirar Kenya, ta sa yatsa a bakin tafki, ta ce ba za ta so mu shiga wurin nan ba tare da maganin rigakafi ba. Iri uku ta ambata. Na farko Malarone, kullum ake sha, ba ya cika damun mutum, amma yana da tsada. Na biyu meflokwin, sau ɗaya a mako, amma yakan jawo wa waɗansu munanan mafarkai da damuwar zuciya. Na uku doksisaikilin, kafso ɗaya mai miligiram 100 kowace rana, shi ne mafi araha. Kuɗin ɗalibi ba ya son dogon tunani. Doksisaikilin muka zaɓa.

Babbanmu, dattijo mai shekara hamsin da 'yan kai, haifaffen bakin Binuwai, bai yarda da sauƙi ba. Ya ce, "Sista, wannan ai maganin Turawa ne. Ni da zazzaɓi tare muka girma. Ya kayar da ni ya fi a ƙirga, ga ni kuwa a gabanki." Ta ce ba ta musa ba, amma yaushe rabonsa da cizon sauro? Ya yi lissafi a yatsa, sai ya ce wata 22.

Nan maganar take, ya mai karatu. Gaskiya ne wanda ya girma a ƙasar zazzaɓi jikinsa yakan yi sabo da shi. Sauro ya cije shi bana, ya cije shi baɗi, jiki ya koyi kokawa, har ya zama babba yana iya yawo da ƙwayoyin cutar a jininsa bai kwanta ba. Sabon nan da tsada ake sayensa, gama yara da yawa 'yan ƙasa da shekara 5 ba sa kaiwa ga samunsa. Ba ya kuma zama har abada. Kamar kanta yake a tafin hannun manomi: in ya ajiye fartanya shekara guda, ran da ya koma gona sai hannu ya yi bororo. Wanda ya bar ƙasar sauro, cikin watanni sabonsa yake fara raguwa, shi kuwa ba ya ji, ba ya gani. A shekarar 2023 kaɗai an sami mutum fiye da 2,000 da zazzaɓin nan a Birtaniya, dukansu daga waje suka kwaso shi. Yawancinsu ba Turawa masu yawon kallon namun daji ba ne. Mutanen Afirka ne da suka je gida gaishe da dangi, Nijeriya kuwa tana kan gaba cikin ƙasashen da ake kwaso shi. Bature yakan ji tsoro ya sha magani. Namu yakan ce, "Ai gida zan je."

Shan magani tun ciwo bai zo ba, ba sabon abu ba ne, a kan kogunanmu ma aka fara nuna amfaninsa a fili. A 1841 jiragen ruwa uku suka shigo Kwara daga Ingila, cikinsu har da Samuel Ajayi Crowther da J. F. Schön, wanda daga baya ya rubuta nahawu da ƙamus na Hausa. Zazzaɓi ya far musu, Turawa kimanin 40 suka mutu, aka juya ba a cika nufi ba. A 1854 Likita Baikie ya shigo da jirgi guda, ya hau Kwara da Binuwai, Crowther kuma yana ciki. Kullum sai an ba mutanensa kwinin, da mai ciwo da mai lafiya. Suka yi watanni a kan ruwa, suka koma ba wanda ya rasu. Manya cikin masu karatu kuma za su tuna da Daraprim, wanda ake kira maganin Lahadi-Lahadi, da klorokwin mai ɗaci mai sa ƙaiƙayi. Waɗannan sun yi zamaninsu. Ƙwayar cutar ta saba da su. A Afirka kuwa, a jikin matafiyan da suka fito daga Kenya da Tanzaniya aka fara gane klorokwin ya daina ci, a 1978. Kada kowa ya tashi tafiya yau yana dogara gare su.

Ƙa'idar doksisaikilin ita ce a fara kwana ɗaya ko biyu kafin a shiga ƙasar zazzaɓi, a sha kullum ana can, sa'an nan a ci gaba har kwana 28 bayan an fito. Namu lissafin ya zama 2 da 14 da 28, wato kafso 44 ga kowane mutum. Ran da muka sauka Nairobi muka fara.

Motarmu ta bar Nairobi da sassafe. Bayan Limuru hanya ta fito bakin wani gangare, sai ga ƙasa ta buɗe a ƙarƙashinmu kamar an tsaga ta da gatari. Shi ne Babban Kwarin da muke koya wa yara a darasin labarin ƙasa, yau ga shi ido da ido. Dutsen Longonot yana tsaye a tsakiya, bakinsa a buɗe, alamar ya taɓa aman wuta. A Naivasha muka ga rumfunan leda jere sun yi nisa, furanni ake nomawa a ciki ana kai wa Turai a jirgin sama. Jakunan dawa suna kiwo a gefen titi, ba mai kula su sai mu.

Ƙaraminmu bai more wannan kallo ba. Saboda saurin kama mota ya haɗiye kafsonsa ciki ba komai, tun daga Limuru zuciyarsa take tashi, bai sami kansa ba sai da muka saya masa gasasshiyar masara a hanya. An riga an gaya mana, maganin nan ba ya son ciki wayam. A sha shi a tsakiyar cin abinci, da ruwa cike da kofi, a zaune ko a tsaye, kada kuma a kwanta sai an yi aƙalla rabin sa'a. Daga ran nan muka ɗaure shi da abu biyu da ba ma fashinsu, wato addu'ar safe da karin kumallo. Da an ce amin, an kawo burodi, sai malamarmu ta buga cokali a kofi, kowa ya fito da nasa.

Layin dogo yana bin gefen hanyar a wurare da dama. An fara shi daga Mombasa a 1896, ya iso Nairobi a 1899, ya kai bakin tafki a Kisumu a ƙarshen 1901. Leburori kimanin 32,000 aka kawo daga Indiya, wajen 2,500 a cikinsu suka mutu a aikin. Labarin zakunan da suka cinye waɗansu shi ya fi yaɗuwa, amma cuta ta kashe fiye da zaki nesa ba kusa ba.

Bayan Nakuru hanya ta sake hawa, sanyi ya ƙaru, har muka shiga Kericho, ƙasar ganyen shayi. Tuddai ne kore shar, an daddatse itatuwan shayin daidai ƙugu, mata da kwanduna a baya suna tsinka. Tsayin wurin wajen mita 2,000 ne. Abin da ya sa tudu yake tsare mutane daga zazzaɓi ba wuya a gane shi. Ƙwayar cutar sai ta yi kwana 10 ko fiye a cikin sauron kafin ta nuna, ta isa shiga wani mutum. In wuri ya yi sanyi, ƙasa da digiri 18 ko kusa da haka, girman nata yakan yi jinkiri har sauron ya mutu ba ta gama ba. Amma tsaron tudu ba cikakke ba ne. Bayan Yaƙin Duniya na Farko, da sojoji suka komo da cutar a jininsu, annoba ta faɗa wa tuddan nan, ta kuma sake tasowa cikin shekarun 1990. In ta zo ba ta zaɓen yaro da babba, gama mutanen tudu ba su da sabo. Muna zaune a motar nan muka ga cewa mu ma, bayan shekara biyu a Ingila, mun fi kama da mutanen Kericho bisa ga mutanen bakin Binuwai. Babbanmu bai ce komai ba, ya dai gyara hularsa.

Daga Kericho sai gangara. Kunne ya toshe, muka tuɓe rigunan sanyi, rake ya maye gurbin shayi. Da muka sauko ƙasa sosai direba ya ce, "To, mun shigo filin Kano." Muka ce ya maimaita. Ashe haka sunan yake, Kano, amma ba ruwansa da Kanon Dabo, sunan wata zuriya ce ta kabilar Luwo. Fili ne shimfiɗaɗɗe mai baƙar ƙasa, kogin Nyando yakan yi ambaliya a kansa, a garin Ahero kuma ana noman shinkafa da ban ruwa. Ruwa kwance dama da hagu, manyan ruwan sama na Maris zuwa Mayu bai daɗe da ɗaukewa ba. Wanda ya san fadamun Kadawa da Kura bayan damina ba ya bukatar a gaya masa abin da ake ƙyanƙyashewa a nan.

Kisumu birni ne mai fara'a. Wani abin mamaki, tsayinta wajen mita 1,130 ne, kusan daidai da Jos, amma zafi da gumi sai ka ce Makurɗi, domin tana dab da layin da ya raba duniya biyu, ga kuma tafki. Abincinsu bai ba mu wuya ba. Ugali tuwon masara ne, sai dai ya fi namu tauri. Ga karfasa soyayya, ga giwan ruwa, ga waɗansu ƙananan kifaye da suke shanyawa a rana suna kira omena. Suna ce wa malami "Mwalimu", mu muna ce "Malam", duka daga Larabci, sai muka ji kamar a gida. Muka ziyarci makarantar Maseno, wadda mishan ta kafa a 1906, tana nan har yau tana aiki.

A nan kafson ya fara nuna halinsa. Ran Asabar aka kai mu bakin ruwa a Dunga, muka shiga kwalekwale kallon dorina. Sa'a biyu kawai muka yi, amma Baturenmu ya fito fuska da hannuwa ja wur, washegari fatar tana zafi kamar ƙunar wuta. Maganin yakan sa fatar waɗansu ta kasa jure rana. Mu baƙaƙe bai dame mu haka ba, amma ba a ce baƙar fata ta kuɓuta ɗungum ba, don haka muka nemi malafa. Wani cikinmu kuma ya manta da nasa da safe, bai tuna ba sai da ya shiga gidan sauro. Ya haɗiye shi da ɗan guntun ruwa, ya kwanta. Kwana huɗu ya yi in ya haɗiye ko ruwa sai ya ji kamar garwashi a ƙirji, gama kafson ya maƙale a hanyar abinci ya ƙone wurin. Malamarmu tana shan maganin ƙarin jini, sai ta mai da shi dare, domin shi da maganin ƙwannafi suna kama doksisaikilin a ciki su hana shi shiga jini in an sha su tare. A raba su da sa'a biyu ko uku. Mata kuma yakan jawo wa waɗansu ƙaiƙayin gaba, ya kamata su tambayi likita tun kafin tafiya abin da za su riƙe.

Akwai waɗanda ba a ba su shi sam. Mace mai juna biyu ba ta sha, haka kuma ƙananan yara, domin yana ɓata launin haƙoran da ba su gama fitowa ba. A Amurka sun sa iyakar a shekara 8, a Ingila 12. Su akwai nasu maganin dabam, likita ne zai zaɓa bisa ga nauyin yaro ko watannin ciki. Tun a Ingila ma'aikaciyar jinyar nan ta ja malamarmu gefe ta tambaye ta wannan kafin ta rubuta mata komai.

Mai karatu zai ce, shin ba doksisaikilin ɗan'uwan kafson nan mai ja da rawaya ba ne, wanda ake sha don ƙurji da gudawa? Haka ne, gidansu ɗaya da tetrasaikilin, an fara sayar da shi a 1967, asalinsa kuwa maganin ƙwayoyin bakteriya ne. Ƙwayar zazzaɓi ba bakteriya ba ce, amma masana sun gano tana da wata 'yar gaɓa a cikinta wadda ƙirarta irin ta bakteriya ce, wannan gaɓa maganin yake lalatawa. Ƙwayar da ya taɓa ba ta mutuwa nan take. Takan hayayyafa, amma 'ya'yan nata ba sa yin rai. Kamar wanda ya ɓata iri ne a rumbu: shukar da ke gona tana tsaye, amma ta gaba ba za ta tsiro ba. Shi ya sa yake da kyau wajen tsaro, ga wanda ya sha shi kullum yana kare fiye da 90 cikin 100, amma ba a jinyar zazzaɓi da shi shi kaɗai. Wanda ciwo ya riga ya kama ba shi da lokacin jira.

Ba mu bar wa magani aikin duka ba. Macen sauron da ke ɗauke da cutar daga faɗuwar rana zuwa asuba take cizo. Da magariba sai doguwar riga da safa, mu shafa man korar sauro a wuya da idon sawu, kowa kuma ya cusa bakin gidan sauronsa ƙarƙashin katifa. Ɗaya daga cikinmu ya ce wannan tsantseni ya yi yawa ga masu bi, Allah ne mai tsaro. Fastocin wurin da kansu suka amsa masa, suka ce su ma sun gaskata haka, amma sun binne yara da yawa, don haka a gidan sauro suke kwana.

Wani dare shugaban makarantar da ya sauke mu ya ga muna lissafin kafso, sai ya ja kujera. Ya ce, "Mwalimu, ku ci gaba, kada ku ji kunya." Ɗansa yana aiki a Nairobi, 'ya'yan ɗan duka a can aka haife su. Wata Kirsimeti suka zo gida mako biyu, suka koma lafiya. Bayan kwana 10 jikarsa mai shekara 6 ta fara zazzaɓi. Iyayen suka ɗauka mura ce, gama wa zai yi tunanin sauro a Nairobi? Kwana uku ana ba ta maganin ciwon kai, ran na huɗu ta fara jijjiga. Sai da aka ƙara mata jini, da kyar aka ceto ta. Ya ce 'ya'yan maƙwabta da suka yi wasa tare da ita a tsakar gida ɗaya, sauro ɗaya ya cije su, ba wanda ya kwanta. "Jinina ce," in ji shi, "amma ga zazzaɓi baƙuwa ce."

Wannan magana ta shafi gidajenmu da yawa. Yau da wuya a sami Ikkilisiyar da ba ta da ɗa ko 'ya a Ingila, ko Amurka, ko Kanada. In sun rubuto za su kawo jikoki gida, kaka takan fara tanadin kaji da shinkafa. Muna roƙo ta ƙara da tambaya ɗaya: kun ga likita a kan maganin zazzaɓi? Kada a ce ai lokacin hunturu ne. Sauro yakan ragu da sanyi, amma ba ya ƙarewa, balle kusa da fadama da lambu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 597,000 zazzaɓin nan ya kashe a 2023, kusan kashi ɗaya cikin uku a Nijeriya. Kada kuma wanda ya zo da maganinsa a yi masa ba'a a ce ya zama Bature. Mun san gidajen da dariya ta sa baƙo ya ɓoye maganinsa a ƙasan akwati.

Abu uku mutanenmu sukan fake da su, ba kuwa wanda ya isa. Na ɗaya katin allurar shawara, mai ruwan ɗorawa, wanda ake tambaya a filin jirgi. Wannan na wata cuta ce dabam, ba ruwansa da zazzaɓin cizon sauro. Na biyu, "Ni jinina AS ne." A ƙasar Kenya ɗin nan ne wani masani, Anthony Allison, ya lura cewa masu irin wannan jini sun fi yawa a bakin teku da bakin tafki, sun yi kaɗan a kan tudu, ya kuwa bayyana a 1954 cewa yana ba da kāriya. Amma kāriyar daga tsananin ciwon ce, ba ta hana kamuwa. Mai SS kuwa shi ya fi kowa bukatar ganin likita kafin tafiya. Na uku allurar rigakafin zazzaɓi. An fara gwada ba da ita ga yara a 2019 a Gana, Malawi da yammacin Kenya, har da Kisumu, a Nijeriya kuma aka fara a Kebbi da Bayelsa a Disamba 2024. Abin godiya ne, amma ta ƙananan yara mazauna ƙasar zazzaɓi ce, ba a yi wa matafiyi.

Ran da muka cika kwana 14 muka hau tudu muka koma Nairobi, daga nan sai Ingila. Nan ne wuyar take. A Kisumu kukan sauro yana tuna maka. A Ingila ba sauro, ba zafi, ga jarrabawa a gaba, ga kafso 28 suna jira, wato ninki biyu na kwanakin da muka yi a bakin tafki. Dalilin kuwa shi ne, in sauro ya ciji mutum ƙwayar ba ta zama cikin jini nan da nan. Hanta take shiga, ta yi mako guda ko fiye tana hayayyafa a ɓoye, sa'an nan ta fito ta faɗa wa jajayen ƙwayoyin jini. Doksisaikilin ba a dogara da shi a hanta, a jini yake tare ta. Cizon daren ƙarshe a Kisumu yana iya fitowa mutum yana zaune a aji a Ingila. In ya tarar an daina shan magani, ya sami ƙofa a buɗe. Malarone yana kai wa hanta, shi ya sa nasa kwana 7 ne kawai bayan dawowa. Arahar da muka samu a kanti, da haƙuri muka biya ta.

Ko an sha duka 44 ɗin, an gargaɗe mu: duk wanda ya ji zazzaɓi cikin shekara guda bayan dawowa, musamman watanni uku na farko, ya tafi asibiti a ranar, ya kuma faɗa da bakinsa ya je ƙasar sauro, a gwada jininsa. Likitan ƙasar sanyi ba zai kawo zazzaɓin cizon sauro a ransa ba sai an gaya masa. Akwai kuma waɗansu irin cutar da sukan yi barci a hanta watanni kafin su farka.

Mu biyar muka kai ƙarshe. Ɗayanmu ya tsaya a kwana na 10, ya ce cikinsa ya gaji. Bai yi ciwo ba, har yau kuwa yana kafa hujja da wannan. A ganinmu hujjar ba ta nuna komai ba sai dai cewa sauron da ya cije shi a kwanakin ƙarshe ba ya ɗauke da cutar, ba shi kuwa ya zaɓi sauron ba.

Kafso 18 suka rage masa, ya ce zai kai wa mutanen gida su riƙa sha da damina. Nan malamarmu ta tsaya kai da fata. Wanda yake zaune a Zariya ko Maraɗi ba matafiyi ba ne, ba a kuwa ce ya riƙa shan doksisaikilin kullum ba. Nasa tsaron gidan sauro ne, da gwajin jini da zarar jiki ya yi zafi, da shanye maganin kwana uku in an rubuta masa. Mai juna biyu tana da nata a wurin awo, yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuma suna da wanda ake bi gida gida ana ba su wata wata da damina. In aka sa irin wannan kafso a aljihun tebur a gidan da ke cike da yara da mata masu ciki, ba a san wanda zai ɗauka ba, shansa barkatai kuma shi ne yake koya wa ƙwayoyin cuta su daina jin magani. Ta ce, "Malam, kawo su nan." Ya yi gunaguni, amma ya miƙa. Ran Litinin ta bi da su kantin magani, inda ake karɓar ragowar magunguna a lalatar.